Shuɗin tabarau da farfaɗiyar da haske ke tayarwa: lamarin wata yarinya daga 2020 zuwa 2024

Asalin lamarin

Yarinyar 'yar yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya muke da ummanta, kuma da yardarsu nake rubuta wannan amma banda suna. An haife ta a 2008, ita ce ta uku cikin yara shida, a wata unguwa cikin Kano suke, abbanta malamin sakandare ne, ummanta tana ɗinki a gida. Tun tana goye bata da wata lalura, bata yi sanƙarau ba, bata taɓa buguwa a ka ba, zazzaɓin sauro ne dai kamar kowane yaro. A dangin uba akwai gwaggonta da ta riƙa faɗuwa tana budurwa, amma gidan ba a son tada zancen, sai da likita ya matsa da tambaya sannan maganar ta fito.

Alƙaluman da zan kawo daga wuri biyu suke, katin asibiti da wani littafi da ummanta ta fara rubutu a ciki a Fabrairun 2022. Abin da ya faru kafin nan kuwa mun harhaɗa ne daga abin da mutanen gidan suka tuna.

Ga wanda bai taɓa jin irin wannan ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu farfaɗiya a duniya sun kai kusan miliyan 50, toh a cikinsu mutum 3 zuwa 5 cikin ɗari ne haske mai ƙiftawa ke tayar musu da ciwon. Ya fi farawa tsakanin shekara 7 zuwa 19, kuma ya fi yawa a mata. Hasken da ke ƙiftawa sau 3 zuwa 30 a sakan ɗaya shi ne ake tsoro, mafi muni kuma wajen sau 15 zuwa 25.

Ƙarshen 2020 zuwa Maris 2021: alamun farko

Tana shekara 12 ta fara sakin abu da safe. Za a miƙa mata kofin koko sai kawai hannunta ya zabura kofin ya tafi, wani lokacin buta, wani lokacin burushi, duka hannuwan biyu suke fizga lokaci ɗaya kuma tana cikin hayyacinta, sai ta ce "Umma wallahi ba ni na yi ba". Faɗa aka riƙa yi mata, wai rawar kai, wai bata nutsuwa. Babu wanda ya kawo farfaɗiya a ransa saboda a sanin mutane sai an faɗi ana kumfa.

Faɗuwar farko a Maris 2021 ce, a dinar wani biki cikin bukukuwan da ake rububin yi kafin azumi. An kashe fitilun hol ɗin an bar na DJ, irin masu harba ja da shuɗi da sauri, ita kuma tana gaba cikin 'yan mata. Wadda ke kusa da ita ta ce ta ga ta kafe fitilar da ido kamar an ɗaure ta, kafaɗunta suka zabura sau uku ko huɗu, sannan ta yi wata ƙara ta sandare ta tafi ƙasa tana jijjiga, wajen minti biyu. Mutane suka watse ana cewa kar yawun ya taɓa kowa, wata tsohuwa ta cusa mata cokali a baki har haƙorin gaba ya ɓantare, wata ta kawo albasa. A nan dole in tsaya in faɗa, farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko numfashi ko taɓawa, kuma ba a sa komai a bakin mai ita. A janye abin da zai ji masa ciwo, a tare kansa da wani abu mai laushi, in jijjigar ta lafa a juya shi gefe, a duba agogo, in ta wuce minti biyar sai asibiti.

Afrilu zuwa Oktoba 2021: ruƙiyya, rubutu da hayaƙi

Tunda a wajen biki abin ya faru, da daddare, ga kiɗa, sai dangi suka tafi a kan ko iska ce ko kambun baka. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi turaren habbatussauda da tazargade, Hajiya kaka ta aiko da wani sassaƙe daga ƙauye. A wata bakwai ɗin nan ta faɗi sau huɗu. Ɗaya a cikin adaidaita sahu da la'asar sakaliya a kan titin da darbejiya ta jeru gefe da gefe, rana tana ratsowa ta tsakanin itatuwan. Ɗaya a gaban tsohuwar talabijin irin mai ƙeya, ta matsa dab da ita za ta canza tasha. Ɗaya a aji, ɗaya kuma da asuba washegarin wani kwanan zaune da aka yi a gidan suna. Zaburar safe kuwa tana nan kusan kullum.

Makarantar boko bata kore ta ba amma an ware mata benci, ƙawayenta biyu iyayensu suka hana su cin abinci tare da ita.

Nuwamba 2021 zuwa Janairu 2022: maganin farko

Abbanta ya kai ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. An saurari bayani, ba a yi wani gwaji ba sai na jini, aka ce farfaɗiya ce aka rubuta kabamazefin, miligiram 200 safe da dare. Cikin sati uku zaburar ta ninka, ta koma har da rana, ga wani ɗauke wuta na 'yan sakanni da take yi ana mata magana. Da suka koma aka ce maganin ne bai isa ba aka ƙara. Ta faɗi sau uku a wata uku ɗin.

A ƙarshen Janairu wani mai kemis ya ce a bar wancan a koma fenobabiton, ƙwaya ɗaya da dare, ga shi da araha. Zaburar ta ɗan lafa ta koma yadda take da, sai dai yarinyar da ke zuwa cikin goman farko a aji ta koma mai gyangyaɗi, ana karatu tana barci.

Fabrairu zuwa Mayu 2022: littafin Umma

Wata malamar jinya maƙwabciyarsu ce ta ce wa ummanta, "Maman yara, ki samu littafi, duk ran da ta zabura ko ta faɗi ki rubuta ƙarfe nawa, ina take, me take kallo, ƙarfe nawa ta kwanta jiya." Haka aka yi. Na ga littafin, rubutun ajami da boko a gauraye, wani wajen har da zanen agogo. Shafin 9 ga Maris misali cewa yake: ƙarfe biyu na rana, falo, an kawo wuta, fanka tana juyawa a ƙarƙashin ƙwan fitila, inuwa na yawo a bango, ta zabura sau biyar, an fita da ita tsakar gida ta daina. Wani shafin ajin islamiyya ne da ke da doguwar fitila wadda ta kusa mutuwa tana ta ƙifce-ƙifce. Wani kuma bidiyon biki ne a wayar yayarta cikin ɗaki mai duhu.

Ta ƙara faɗuwa sau uku a wannan tsakanin. Da aka tara duka tun daga Maris 2021 sai ya zama babbar faɗuwa 11, a 8 daga ciki akwai haske mai ƙiftawa a gabanta, sauran 3 da sassafe ne bayan rashin barci.

Yuni 2022: gwajin EEG da sabon magani

Da littafin suka je babban asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, bayan an sha layi da ɗage-ɗagen rana. Ya karanta, ya tambayi zancen kofin koko dalla-dalla, ya tono maganar gwaggon, sannan ya tura su gwajin EEG ya rubuta a takardar cewa lallai a haɗa da gwajin haske. EEG shi ne wanda ake manna wayoyi a fatar kai a ga yadda lantarkin ƙwaƙwalwa ke tafiya, ba ya ciwo. A gwajin hasken ana ajiye fitila kamar taku ɗaya daga fuska, a riƙa harba ta da sauri daban-daban na 'yan sakanni, ido buɗe, ido rufe, da zarar layukan kwamfuta sun hargitse sai a kashe tun kafin ya kai ga faɗuwa. Nata sun hargitse tun daga ƙiftawa 10 a sakan, da aka gangaro daga sama kuma suka hargitse a 25, ba a taɓa tsakiyar ba don ba a buƙata. A 10 ɗin ma kafaɗarta ta zabura a gaban abbanta.

Likitan ya ce wannan ita ce farfaɗiyar zabura ta masu tasowa, wadda suke kira JME, kuma kamar kashi ɗaya cikin uku na masu ita haske yana taɓa su. Ya ce kabamazefin magani ne mai kyau ga wasu nau'o'in amma a wannan an san yana ƙara zabura da ɗauke wuta. Ya kuma ce likitoci a nan ba su cika kawo zancen haske a rai ba, don binciken da wani likita mai suna Danesi ya yi a Legas a shekarun 1980 ya nuna abin bai kai yawan na Turawa ba a cikin masu farfaɗiyar Najeriya.

Maganar magani ta ɗan ɗauki lokaci. Wanda ya fi ƙarfi a kan JME da matsalar haske shi ne balfurowet, wanda aka fi sani da Epilim, amma likitan ya dubi abbanta ya ce, "Malam, 'yarka shekara 14, nan da 'yan shekaru za a fara zancen aure." In mace ta yi ciki tana shan shi, kamar jariri 10 cikin ɗari ana haifarsu da nakasa, 30 zuwa 40 cikin ɗari kuma suna samun matsalar koyo da girman ƙwaƙwalwa. Sai aka zaɓi lebetirasitam, aka fara da kaɗan aka kai miligiram 500 safe da dare, aka janye fenobabiton a hankali cikin sati shida, don ba a yanke shi rana ɗaya.

Banda magani ya ba su dokoki. Barci da wuri. A canza wa fanka ko fitila waje. A rabu da talabijin mai ƙeya, don irin su hotonsu yana ƙiftawa sau 50 a sakan kuma in an matsa kusa ido yana kama sau 25. Kar a kalli waya a duhu. In haske ya rutsa da ita kar ta runtse ido, saboda hasken yana ratsa fatar ido ya shiga yana ja kuma ya bazu ko'ina, sai dai ta rufe ido ɗaya ruf da tafin hannu ta juya baya ta bar wajen.

Yuli zuwa Disamba 2022: tabarau huɗu na farko

Sabon maganin ya kashe zaburar safe kusan gaba ɗaya, gyangyaɗi ya tafi, sai saurin fushi da ya zo a watannin farko. Amma ta haske tana nan, littafin ya nuna kwana 10 zuwa 12 a kowane wata tana zabura in ta haɗu da haske, yawanci a hanyar makaranta, kuma ta faɗi a Satumba cikin adaidaita. An ƙara maganin zuwa 750 safe da dare, fushin ya ƙaru har ta daina shiri da ƙannenta, kwanakin zaburar kuma ba su wani ragu ba.

A nan aka shiga neman tabarau, don likitan ya ce mai duhu zai iya ragewa. Na farko baƙi ne na kasuwa, ya ɗan taimaka da rana, amma ƙananan idanu ne da shi rana tana shigowa ta gefe, kuma a adaidaita ta gefen hasken yake dukanta. Na biyu wani shagon gilashi ne ya sayar musu da wanda ake ce wa bulu-kot, na masu kallon kwamfuta da waya, da tabbacin wai an yi shi ne don kare ƙwaƙwalwa daga haske. Wata guda tana sawa, littafin bai nuna bambancin ko kwana ɗaya ba. Na uku irin mai yin duhu da kansa in an fita rana, a cikin ɗaki fari yake tas don haka fitila da allon waya suna wucewa yadda suke, kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya rine. Na huɗu bayan yayarta ta ga a intanet cewa shuɗi ne ke aiki, aka sayo wani shuɗi-shuɗi mai haske na 'yan gayu. Da shi a fuskarta ta faɗi a Disamba, a wajen walimar sauka da aka jera ƙananan fitilu masu ƙyalƙyali.

Janairu zuwa Mayu 2023: gilashin Z1 da gwaji na biyu

A ganin likita na Janairu aka zube masa tabarau huɗun a kan tebur. Ya ɗauki bulu-kot ɗin ya ce wannan shuɗin haske yake ragewa ya bar ja ya wuce, alhali jan ne abokin gabarta. A bayan ido akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, kuma yawancin launuka suna taɓa fiye da iri ɗaya, sai saƙonninsu su riƙa danne juna. Ja mai zurfi kuwa, na can bakin bakan gizo, iri ɗaya kawai yake bugawa babu mai taka masa burki. In ya zo yana ƙiftawa sai ƙwayoyin gani na ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, waɗanda a ƙa'ida kowace da nata aikin kamar hayaniyar kasuwa, su ɗauki baki ɗaya gaba ɗayansu, daga nan abin ya bazu sauran ƙwaƙwalwa. Abin da ya faru a Japan kenan ranar 16 ga Disamba 1997, da wani shirin katun na Pokémon ya harba ja da shuɗi sau 12 a sakan aka kwashi yara 685 zuwa asibiti.

Sai ya kawo zancen gilashin Z1 na kamfanin Zeiss, shuɗi ne mai duhu sosai da ke tare jan hasken kuma ya rage hasken gaba ɗaya da kusan kashi 80 cikin ɗari. Likitocin Italiya ƙarƙashin Giuseppe Capovilla sun gwada shi a kan mutum 610, sakamakon ya fito a mujallar Epilepsia a 2006: a kashi 75.9 hargitsin EEG ya ɓace, a kashi 17.9 ya ragu, a kashi 6.2 bai canza komai ba. Ya ce bai san inda za a same shi a gari ba, kuma in an samo kar a saki jiki sai an gwada a kanta.

Wani ƙanin abbanta da ke aiki a Turai shi ya nemo, an auna idonta a nan an tura masa, aka haɗa shi a firam mai faɗi da ke zagayo gefen fuska har da marfi a gefe. Kuɗin ya fi albashin abbanta na wata, dangi ne suka yi karo-karo. Ya iso a Afrilu ta hannun wani mai dawowa gida sallah.

A Mayu 2023 aka sake EEG, tana kan maganinta, aka bi su ɗaya bayan ɗaya da hutu a tsakani. Babu tabarau, hargitsi daga ƙiftawa 12 zuwa 22. Da shuɗin kasuwa, 12 zuwa 22, babu abin da ya motsa. Da baƙin kasuwa ya tsuke ya koma 15 zuwa 20. Da ta rufe ido ɗaya da hannu, sai ɗan alama a 18. Da Z1 aka bi duka matakan, ido buɗe ido rufe, layukan suna tafiya lafiya ƙalau. Mai gwajin ya juyo da allon ya nuna wa ummanta shafukan biyu gefe da gefe ya ce, "Hajiya ke ma duba da idonki."

Yuni 2023 zuwa Disamba 2024: zama da shi

An tsara za ta sa shi a hanya, a wajen taro, gaban talabijin, da duk inda bata yarda da fitilar wajen ba. A wata ukun farko kwanakin zabura suka sauko daga 10 zuwa 12 suka koma 1 ko 2, har likita ya mayar da maganin 500 safe da dare a Satumba, fushin ya sauka, kuma zaburar safe bata dawo ba.

Wahalarsa ta wani wajen ta ɓullo. Duniya gaba ɗaya shuɗiya take komawa, jan abu ya koma baƙi-baƙi, gyaran malami da jan biro sai ta ɗaga gilashin take gane shi, jar danja ma bata fita sosai, shi ya sa ba ta tsallaka babban titi ita kaɗai da shi. Bayan magariba kuwa duhunsa ya yi yawa, ta taɓa zurmawa kwata, don haka da dare hannunta ne makaminta. Ƙurar hunturu ta sa ta riƙa goge shi da gefen hijabi har ya fara karcewa, sai da aka koya mata wanke shi da ruwa tukuna.

Sannan bakin mutane. A makaranta ana ce mata makauniya, wasu su ce iyayi ne, wani malamin islamiyya ya ce ba za a zauna masa a aji da gilashin 'yan fim ba. A Oktoba da Nuwamba littafin ya nuna kwanakin zabura sun koma 7 da 8, aka rasa dalili, sai da na zaunar da ita ta ce, "Anti, in na sha kwanar gidanmu jaka nake sa shi, gara in zabura da a yi ta nuna ni." An karɓo takarda daga likita, abbanta ya je makarantun biyu da kansa ya yi bayani, shugabar makarantar boko ta tara ajin ta yi musu magana har da cewa ciwon ba a ɗauka, malamin islamiyyar ma da ya ga takardar shi ya sa aka canza fitilar ajin. Daga Disamba kwanakin suka koma 1 ko 2, kuma kusan duk a ranar da ta manta shi ne.

Babbar faɗuwa ɗaya ce tak a wata 19 ɗin nan, a Maris 2024 cikin azumi. An yi hira har ƙarfe ɗaya, an tashi sahur ƙarfe huɗu da rabi, ta manta ƙwayar dare, ta faɗi bayan sallar asuba a ɗakin da ko fitila ba a kunna ba. Bayan nan likita ya daidaita mata shan maganin a sahur da buɗa baki, ummanta ta karɓe wayoyi daga ƙarfe goma. Zuwa Disamba 2024 bata sake ba, tana SS2, ta dawo cikin goman farko.

Abin da na gani a ciki

A takaice alƙaluman su ne faɗuwa 11 a wata 16 na farko, 2 a wata 11 da ta yi kan maganin da ya dace babu Z1, sai 1 a wata 19 da aka haɗa biyun. Wanda ya kalli wannan da kyau zai ga babban sauƙin daga magani ya zo, tun kafin gilashin ya iso. Abin da gilashin ya yi shi ne ya kwashe ragowar da haske ke tayarwa, wadda ƙarin ƙwaya ya kasa kwashewa, ya kuma bada damar rage maganin har yarinya ta dawo da halinta. Wannan ba ƙaramin abu bane a wajen mai shekara 15. Amma faɗuwar azumi ta nuna iyakarsa ƙarara, rashin barci da tsallake magani babu ruwansu da abin da ke kan hanci. Shi ya sa nake jin tsoron masu tallan tabarau da ke nuna wa iyaye kamar zai maye gurbin magani, wallahi ana iya rasa rai a haka.

Tabarau huɗun farko ba don an yi sakaci suka gaza ba, kowanne da dalilinsa da ake iya aunawa: ɗaya gefe a buɗe, ɗaya launin da ba shi ba yake tarewa, ɗaya ba ya aiki a ɗaki, ɗaya shuɗi ne a ido kawai amma ja yana ratsa shi. Mai haɗarin cikinsu shi ne na ƙarshen, don ya sa ta saki jiki ta zauna a wajen da da can za ta tashi. Kuma ko Z1 ɗin ba kowa yake yi wa ba, a binciken Italiya ma mutum 6 cikin ɗari bai musu komai ba, kuma abin da aka auna can layukan EEG ne a ɗakin gwaji, zaman yau da gobe daban ne. Don haka ni a wajena gwajin Mayu 2023 ya fi sayen gilashin muhimmanci, kuma da za a sake, kafin a tara kuɗin sai a fara kai duk tabarau da ake da su gaban fitilar nan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne wata 15 da aka yi tsakanin faɗuwar farko da EEG, da wata uku kan maganin da ke ƙara ciwon, alhali tambaya biyu ce za ta raba gardama, tana zabura da safe? me take kallo in za ta faɗi? Ban ga laifin addu'a ba, har yau ana yi mata, amma da an haɗa da asibiti tun Afrilun 2021. Abubuwan da suka fi tasiri a farko kuma kusan kyauta ne, littafin Umma, matsar da fanka, tafin hannu a ido ɗaya, wanda a gwajin ya ma fi baƙin tabarau aiki. Gidan da ba su da ɗan uwa a Turai su fara da waɗannan, su nemi baƙin tabarau mai duhu mai rufe gefe, su roƙi a gwada shi a EEG.

Har yanzu akwai sauran aiki. JME yawanci ba ta barin mutum, ana shan magani shekaru masu yawa, ko da yake jin hasken yana raguwa ga wasu in sun haura ashirin. Gilashin guda ɗaya ne kuma ya karce, in ya fashe sai an sake karo-karo da jiran mai zuwa. An fara aiko wa abbanta da maganar aure, ya ce sai ta gama sakandare, kuma likita ya riga ya gaya musu duk wanda zai aure ta a zo da shi asibiti a yi masa bayanin magani da ciki tun kafin a sa rana.